Kwana Arba'in a Gidan Kwana Talatin

Ni mutum ce mai zargi, ban kuma taɓa musun haka ba. Idan mutum ya yi mini murmushi sau biyu a yini ɗaya, sai na koma gefe na tambayi kaina me yake nema. Maigidana yakan ce da zargi aikin gwamnati ne, da tuni na yi ritaya da babban muƙami. Da wannan halin na tare a gidan da muka saya a Kalorama, tsohuwar unguwar nan ta cikin Washington inda ba ka wuce gida uku ba ka ga tutar wata ƙasa a bakin ƙofa ba.

Kafin nan shekara bakwai muka yi a Alexandria, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene, kuma falonmu tasha ne. Duk wanda ya sauka daga jirgi yana da lambar wayarmu. Ɗalibi mai jiran a ba shi ɗaki a College Park, matar abokin yayan maigidana da ta zo ganin likita, mutumin da ya zo taron kwana uku ya share wata biyu. A shekarun nan bakwai ban haihu ba, kuma babu baƙon da ya tafi bai bar mini shawara ba. Wata ta ajiye mini sassaƙe a ƙullin leda a kan firji, ba ta ce uffan ba, amma labarin ƙullin ya riga ni isa wajen wani biki a Maryland. Abin da nake so a duniya a lokacin shi ne ƙofar da in na rufe za ta zauna a rufe.

Gidan Kalorama irin wanda suke kira co-op ne. Ba ɗaki kake saya ba, hannun jari kake saya a ginin gaba ɗaya, sai a ba ka izinin zama a sashe guda. Saboda haka kuɗinka kaɗai ba ya shigar da kai, sai kwamitin masu gidan ya gan ka ya yi na'am da kai, kamar mai neman aure. Ginin ya girmi iyayenmu. Daɓen zauren shiga na marmara ne, lif ɗin yana da ƙyauren tagulla da ake gogewa kullum, kuma akwai wani lif ɗin daban a baya na kaya da masu aiki. Da sanyi bututun ɗumama ɗaki sukan yi ta ƙwanƙwasa kamar maƙera sun tare a cikin bango. Na so gidan tun ranar farko, so mai tsanani wanda har kunyarsa nake ji.

A ɗakin karatu na ƙasa kwamitin ya gan mu. Mutum biyar ne, shugabarsu wata tsohuwar lauya mai farin gashi da ke rubutu da alƙalamin tawada. Ta tambayi aikina, na ce ina sashen magani na wani asibiti. Ta tambayi ko muna kiɗa, ko muna da kare. Sannan ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Kuna yawan yin baƙi?"

"A'a," na ce. "Mu ba mu da kowa a garin nan."

Maigidana ya kama tari, har sai da aka miƙa masa ruwa.

Bayan an karɓe mu aka ba mu littafin dokoki. Ba a barin takalmi a bakin ƙofa. Ba a shigo da kayan ɗaki ranar Asabar ko Lahadi. Dole a rufe mafi yawan daɓe da darduma saboda na ƙasa. Sai dokar baƙi: baƙo ba ya wuce kwana talatin sai da izinin kwamiti a rubuce, wanda ya karya kuma a kira shi gaban kwamiti, in abin ya yi tsamari har a iya tilasta masa sayar da jarinsa ya fita. Dillaliyar da ta nemo mana gidan ta raɗa mini cewa ita dai ba ta taɓa jin an ba wani izinin ba. Ni kuwa babu dokar da ta faranta mini rai kamar wannan. Da ita na riƙa sallamar jama'a a waya, ina cewa wallahi ba laifinmu ba ne, dokar gidan ce mai tsanani.

A zauren shiga akwai tebur, a bayan teburin kuma akwai mai ƙofa na safe, wani dattijo baƙi, dogo, mai kwat da hula irin ta ma'aikatan ginin. Shi ke karɓar saƙonni, shi ke kiran tasi, kuma shi ke riƙe da littafin da ake rubuta sunan kowane baƙo da ranar da ya zo. Wata huɗu muna gaisawa da Turanci. Ran nan na shigo ina waya da ƙanwata, ina faɗa a kan wani ɗinki da tela ya ɓata, da na kashe wayar sai na ji an ce:

"Madam, ashe kai Bahaushe ne? Sannu da zuwa."

Mai ƙofar ne. Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. Ya ce ya yi shekara goma sha takwas a wannan teburin, bai taɓa jin Hausa ta shigo ta ƙofar gaba ba sai yau. Fuskarsa cike da murna yake maganar. Ni kuwa abin da na gani daban ne. Na ga mutumin da zai san lokacin fitata da na dawowata, da abin da aka aiko mini, sannan ranar Juma'a ya je masallaci a Alexandria inda rabin mutanen da na guje wa suke salla. Na amsa gaisuwar a gajarce na shige lif. Daga ranar ya riƙa ce mini ɗiyata, ni kuma na riƙa bi ta ƙofar baya duk lokacin da na samu hali.

A shekara ta biyu a gidan Allah ya ba ni ciki. Ban faɗa wa kowa ba sai Inna, mahaifiyata, wadda ta ce ko da ƙafa ne za ta zo daga Zariya ta yi mini wankan jego. Haihuwar ta zo da wuri. Inna ta sauka da safe, na haifi 'yata da yamma, saboda haka lissafin kwanakin jegona da na baƙuncinta suka zama ɗaya. Jego kwana arba'in ne, doka kuma ta ce talatin. Kwana goman nan da ke tsakani su ne suka hana ni sakewa tun ina gadon asibiti.

Maigidana ya ce mu rubuta wa kwamiti mu nemi izini. Na ce a'a. In muka tambaya suka hana, to mun sanar da su da bakinmu, kuma ni ce na zauna a gabansu na ce ba mu da kowa. Shawarata ita ce mu yi shiru, Inna ta lafe a ciki, kwana goma su wuce ba wanda ya lura. Ban yarda a taɓa arba'in ɗin nan ba. Shekara tara na jira wannan jegon, kuma ina son uwata ta kammala mini shi kamar yadda ta yi wa ƙannena.

Sai dai Inna ba mai lafewa ba ce. Da ta shigo ginin ta dubi marmara da fitilu ta ce, "Ke 'yar nan, nan gida ne ko asibiti? Ko sallama ban ji ba." Sai ga mai ƙofa ya zagayo daga bayan tebur ya cire hula.

"Hajiya, akwaaba. Sannu da hanya. Yaya mutanen gida?"

Shi ke nan Inna ta samu ɗan'uwa. Kullum da safe, da zarar ta gama yi mini wanka, sai ta cika ƙaramin fulas da kunu ta ɗauki goronta ta sauka. A zauren akwai wani dogon benci mai sassaƙa wanda tun da na tare ban taɓa ganin kowa ya zauna a kai ba. A nan take zama da mayafinta, suna hira da mai ƙofar, wanda take kira Alhaji, mutane na wucewa da jakunkunan ofis suna kallo. Na roƙe ta ta daina. Ta ce ita ba a haife ta a inda ake wuce mutum kamar itace ba.

Wankan kansa wani aiki ne. Ganyen darbejiya maigidana ke sayowa a shagon Indiyawa. Inna ta tafasa manyan tukwane biyu, ta haɗa da ruwan famfo mafi zafi, safe da yamma, ta zaunar da ni a kan kujerar roba a cikin bahon wanka tana fyaɗa mini ganye. Mun yi ta ciniki a kan zafin ruwan da yawan kanwar kunu, ni da karatuna na magani, ita da 'ya'ya shida da ta haifa. Yawanci ita ke cin nasara. Kuma in faɗi gaskiya, duk da ihun da nake yi, ban taɓa jin an riƙe ni a duniya kamar a kwanakin nan ba.

A kwana na shida takarda ta farko ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Takardun ginin masu kauri ne, launin madara, ko kafin ka buɗe ka san ba gaisuwa ba ce. An ce wani mazaunin gidan ya lura da takalma a bakin ƙofarmu. Silifas ɗin Inna ne. Ta biyu ta zo a kan ƙamshin turaren wuta da ya cika baranda. Ta uku a kan ruwan zafi, wai mazauna ɓangarenmu suna rasa shi da safe, ana roƙon kowa ya taƙaita. Ba a taɓa faɗar wanda ya kai ƙara. Kullum wani mazaunin gida ne, marar fuska.

Sai na shiga aikina na asali. Na zargi matar da ke ƙofar da ke kallon tamu, don na lura ramin leƙen ƙofarta yana yin duhu duk lokacin da na fito. Na zargi mutumin da ke ƙasanmu, wanda ya taɓa tambayata a lif ko jaririya tana samun barci, tambayar da na fassara da cewa shi ne ba ya samu. Na zargi mai gyaran famfo, wanda ya zo duba bututu ya tsaya yana kallon ganye a kwandon shara. Har wata mata da ta kawo wa jaririya 'yar hular saƙa na zarga, na ce ta zo ƙirga katifu ne. Na koma tafiya da sanɗa a cikin gidana. In 'yata ta yi kuka sai na ruga da ita ɗakin da ba ya haɗa bango da kowa.

Wata rana da la'asar muna gardama da maigidana a kan maganar, rabi Hausa rabi Turanci, sai Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Mene ne kwana talatin da nake ta ji?"

Na ce ba komai ba ne, ta bar mini. Maigidana, wanda bai iya riƙe magana ba, ya bayyana mata dokar tas. Inna ta juya ludayin a hannunta.

"Gidan ba shi da mai unguwa ne?"

"Akwai wata tsohuwa a hawa na shida," na ce, "ita ce shugabar kwamiti. Amma Inna don Allah ki bar maganar nan, ba irin ta gida ba ce."

Ta ce to, ta koma kicin. Na ɗauka magana ta ƙare.

Inna tana ajiye goronta a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle a aljihun ƙasa na firji, kuma ta fi kula da shi fiye da fasfonta. Bayan kwana biyu na buɗe ina neman tumatir, na ga manyan fararen nan da take ɓoyo, waɗanda ko maigidana ba ta ba shi, babu su. Na ce a raina, ga shi nan, Alhaji ya fara cin rabonsa. Yana shan kununta, yana cin goronta, yana kwashe labarin gidana. Ban tambaye ta ba, don na riga na ba kaina amsa.

A kwana na ashirin da huɗu takarda ta huɗu ta zo. Wannan ba daga wani mazaunin gida ba ce, shugabar kwamiti ce da kanta ta sa hannu da tawadarta. Ta ce kwamiti ya samu labarin cewa baƙuwarmu za ta zauna har kwana arba'in bisa wata al'ada ta bayan haihuwa, ana gayyatata taron ranar Talata don a tattauna.

Na karanta kalmar arba'in sau uku. Takalmi kowa na iya gani, turare kowa na iya shaƙa. Amma a ginin nan gaba ɗaya, daga ƙasa har sama, mutum ɗaya ne kawai bayan mu ya san mece ce arba'in. Kuma littafin baƙi a hannunsa yake. Fushi ya kama ni. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na daɗe da sanin haka za ta faru, tun ranar da ya ce ashe kai Bahaushe ne, kuma a cikin fushin har da wani ɗan daɗi na cewa zargina bai faɗi ƙasa ba.

Maigidana ya ce, "Ki bari mu je meeting ɗin tukuna mu ji ta bakinsu."

Na ce to. Da ya fita aiki, jaririya ta yi barci, Inna ta sauka da fulas ɗinta, sai na buɗe kwamfuta. Masu ƙofa ba ma'aikatan kwamiti ba ne, wani kamfani ne mai kula da gine-gine yake kawo su. Na rubuta wa kamfanin imel. Na iya irin Turancin da ba ya ɗaga murya amma yana yanka, a wurin aiki na koye shi. Na ce ma'aikacinsu na safe yana kai sirrin iyalina ga wasu mazauna gidan, ya shiga abin da ya shafi lafiyata da haihuwata, kuma ba na jin kwanciyar hankali da shi a bakin ƙofa. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba a iya sanina. Na aika, na je na sha kununa.

Ranar Talata na sa kwat ɗin da na sa ranar da suka fara ganinmu, ko da yake maɓallin bai rufu ba. Na shirya jawabi, har na haddace sashen dokar. Ɗakin karatun yana nan yadda na san shi, mutum biyar ɗin ma suna nan. Shugabar ta yi mini barka da haihuwa, sannan ta sa hannu a jakarta ta fito da wani farin hankici a ƙulle, ta ajiye a kan tebur ta kwance. Goron Inna ne, manyan fararen nan, guda bakwai.

Ta ce ranar Alhamis da ta wuce, bayan mai ƙofa ya tashi daga aiki, ya hau ta lif ɗin baya ya ƙwanƙwasa mata. Ya cire hula, ya ƙi zama. Ya ce ba da bakinsa ya zo ba, wata dattijuwa ce ta aiko shi, kuma a wurinsu idan babba ya aike ka wajen shugaba ba ka cewa a'a. Ya bayyana mata cewa uwa ce ta zo daga nesa don ta kula da 'yarta kwana arba'in, tana roƙon a ƙara mata kwana goma, in ta cika za ta tafi. Ya miƙa mata ƙullin da hannu biyu.

"Na sa su a firji," in ji ta. "Ban san abin da ake yi da su ba. Ci ake yi, ko shukawa?"

Ɗaya daga cikin mutanen ya yi dariya. Ta ce kwamiti ya amince tun kafin in shigo, sun kira ni ne kawai don in sa hannu a takardar izini, don dokar ta ce a rubuce. Ta ƙara da cewa da na rubuto layi biyu tun farko da ya wadatar, ba a taɓa hana kowa irin wannan ba, mutane ne dai ba sa tambaya. Na sa hannu. Ban san me na ce musu ba. Na dai tuna na ce mata ci ake yi, amma da ɗaci.

Da na hau sama na tarar da Inna tana gasa mini nama. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini ba.

"Ke mai jego ce, ina ruwanki da zirga-zirga? Kuma yaro ba ya zuwa gaban mai unguwa da kansa alhali akwai manya. Alhaji ma sai da ya yi ta jan ƙafa, wai aikinsu ya hana su shiga maganar masu gida. Na ce masa, Alhaji, in ba kai ba wa nake da shi a garin nan? Sai ya karɓa."

Washegari tun ana buɗe ofis na kira kamfanin. Wata mata mai sanyin murya ta ce sun gode da na sanar da su, kuma sun riga sun bincika. Na ce kuskure ne, ina so in janye. Ta ce ta fahimta, amma ma'aikacin da kansa ya amsa cewa ya je ƙofar wata mazauniya da maganar wata, kuma wannan ya saɓa wa ƙa'idarsu ko da ƙara ko babu. Ba za a kore shi ba, saboda daɗewarsa. Za a mayar da shi wani gini a Germantown daga farkon wata. Na sake rubutawa, na je wajen shugabar kwamiti ita ma ta rubuta, amsar dai ɗaya ce. Daga gidansa a Alexandria zuwa Kalorama tafiya ce da ya saba da ita shekara da shekaru. Zuwa Germantown kuwa sai ya ratsa garin gaba ɗaya ya fita ta ɗaya gefen, jirgi biyu da bas, ga shi da ciwon gwiwa.

Bai faɗa wa Inna ba. Kwanakin da suka rage ta ci gaba da sauka da fulas, suna hirarsu a kan benci. Ni kuwa ban iya saukowa ba. Na ce jego ne ya hana ni, kuma kowa ya yarda.

Ranar arba'in Inna ta yi mini wankan ƙarshe, ta yi mini lalle, ta fito mini da sabuwar atamfa. Ta dafa shinkafa da kaji, ta zuba mafi kyawun a babban kwano. A gida ranar ce mai jego take fita yawon arba'in, ta zaga dangi gida gida tana nuna jariri tana godiya. Inna ta ce tun da ba mu da dangi a kusa, to da ƙofar Alhaji za mu fara. Ba ni da hanyar ƙi. Muka sauka ta lif ɗin gaba, ita da kwano, ni da jaririya.

Yana tsaye a bayan teburinsa. Ya zagayo ya cire hula kamar kullum. Inna ta miƙa masa kwanon, ta yi ta sa masa albarka, sannan ta juyo gare ni.

"Durƙusa mana ki gode wa ubanki. Ba don shi ba da yanzu ina Zariya, ke kina nan da ɗanyen jiki."

Na durƙusa a kan marmarar nan, a zauren da na yi shekara biyu ina tafiya a cikinsa kamar kar in taka ƙasa. Matar ƙofar da ke kallon tamu tana wucewa da wasiƙunta, ban damu ba. Na ce, "Baba, na gode. Allah ya saka da alheri." Ina so in ƙara wata magana, amma Inna tana tsaye a kaina.

Ya karɓi jaririyar, ya yi mata addu'a mai tsawo da Hausa, ya ce Allah ya raya shi, ya sa ya ji ƙan iyayensa. Ya yi wa Inna godiyar abinci, har ya tsokane ta cewa shinkafar Zariya ba ta kai ta Kumasi ba. Sannan ya miƙo mini 'yata, ya mayar da hularsa, ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce mini da Turanci ba komai, madam, a yini lafiya. Inna ba ta lura ba, don ita duk Turanci ƙara ɗaya ce a kunnenta. Tun ranar da ya ji ni ina faɗa a kan ɗinki bai ƙara yi mini Turanci ba sai ran nan.

Inna ta tafi washegari. Da sabon wata ya kama na sauko na tarar da wani mutum a teburin, mai ladabi ƙwarai, wanda bai san komai a kaina ba sai lambar ɗakina. Takardu masu launin madara suka daina zuwa. Na samu ƙofar da nake nema, kuma mun ƙara shekara shida a gidan ba wanda ya san cikinmu. Sau biyu na tuƙa mota har Germantown, na tsaya a gaban ginin da aka ce yana can, na kasa fitowa daga motar. Kunya ce, ba wani abu ba.

Duk ranar Lahadi nakan kira Inna. Sai ta tambayi jikarta, ta tambayi maigidana, ta tambayi ko tsohuwar hawa na shida ta ci goron. Kafin ta ajiye waya kuma ba ta taɓa mantawa ba, sai ta ce, "In kin sauka ki gaishe mini da Alhaji." Ni kuma in ce zai ji. Haka na yi ta ce mata har ta rasu.